Muryar Zarami a Bayan Makulli

Tudun firamare, bayan Auyo
Lahadi

Zuwa ga taubashiyata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Legas, ya aiki, ya cunkoson motocin da kullum kike fakewa da shi ki ƙi zuwa ganin dangi? Mu nan sai godiya, amma ruwa ya ci mu. Jingar da muka yi da buhunan yashi ta ɓalle, shinkafar fadama ta nutse, garin kaf mun kwaso mun tare a firamaren da ke kan tudu. Sabis ya ɗauke. Shi ya sa kika ga takarda: ni zan rubuta, maƙwabcinmu Misbahu mai kwalekwale ya kai ta Haɗeja ya ɗauki hotonta ya tura miki, in kin amsa ya kawo min a wayarsa.

Inna Saude ba lafiya, kuma ba ciwon da za a ɓoye miki ba ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya ce kada a kuskura a ɗora ta a kwalekwale. Na rufe shagona na Haɗeja na dawo, ni da matata Adila muke jinyarta a ajin da aka ba mu.

Ba ta cin abinci sosai, ba ta neman magani. Abu ɗaya take roƙo: ta ji muryar Baba. Tun rasuwarsa bara ba ta taɓa faɗa ba sai yanzu. Ki duba abin kunya, ni da sana'ata tura wa mutane waƙoƙi da finafinai da gem a waya, ba ni da muryar mahaifina ko ta tari. Abin da na adana yana cikin kwamfutar shago, ita kuma ruwan da ya shiga kasuwa ya gama da ita.

Sai na tuna lokacin da kika zo da na'urar kamfaninku kika zaunar da kawunki Zarami a gindin tsamiya, ya yi ta rera miki waƙoƙin kamun kifi, kika ce za ku sa a gem ɗin masunta da kuke haɗawa. Har kiran nan nasa kin ɗauka, wanda yake yi in ya iso gaɓa: “Mutanen gida, a ɗora tukunya, ruwa ya sallame ni!” Shi Inna take son ji.

Ki turo min gem ɗin don Allah. Kin dai san halina, kafin Juma'a sai na cika wayoyin Haɗeja da Malam Madori da shi, in ci riba a kan guminki, ke kuma ki ci gaba da shan garin kwaki a Legas.

Ki yi sauri, Mardiyya.

Naki,
Inuwa

*

Legas
Laraba

Yaya Inuwa,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarka a bakin titi, na rasa inda zan zauna in yi kuka. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya mayar muku da alherin abin da ruwa ya ci. Ni lafiyata ƙalau. Ka gaishe da Adila, ka ce ina taya ta haƙurin zama da kai a aji ɗaya.

Gem ɗin bai fita kasuwa ba tukuna, sai wata mai kamawa. Muryar Kawu kuwa ta zama ta kamfani tun ranar da ya dangwala yatsa a takardar yarjejeniya, asalin abin da na naɗa yana wajen manaja, ba na iya taɓa shi. Amma kowane ma'aikaci an ba shi mabuɗin gwaji guda, wato wasu lambobi da ke buɗe gem ɗin a waya ɗaya tak. Nawa na turo wa Misbahu tare da inda za ka sauke shi. Ka sa a wayarka, kada ka gwada a ta wani, don wayar da ta fara karɓar mabuɗin ita kaɗai zai sani.

Zancen cika wayoyin Haɗeja kuwa, ɓarawon zaune, wannan karon ka haɗu da daidai kai. Ni na ƙera makullin da hannuna. Gem ɗin yana leƙa intanet lokaci-lokaci ya tabbatar wanda ke riƙe da shi mai shi ne, in bai samu amsa ba ya rufe kansa. Ba don mugunta muka yi ba. Wasanmu na farko irinku suka raba shi a kasuwanni kamar ƙosan sadaka, kowa yana yabawa, babu mai saye, har sai da aka sallami wasu daga cikinmu. Wata mai zanen hotuna da muke zama tebur ɗaya yanzu tana sayar da abinci a tasha.

Kiran da kake magana yana ƙarshen zangon farko. Sai ka tuƙo kwalekwalen ka ratsa ciyawar kacalla ka kawo shi gaɓa kafin ya yi shi. In ka kasa, ba Adila ta gwada.

Ƙanwarka,
Mardiyya

*

Tudun firamare
Talata

Mardiyya,

Sallama da fatan kina lafiya. Inna tana nan yadda take, sai dai maganarta ta ƙara yin ƙasa, sai ka kai kunne.

Ban san ta inda zan fara ba. Na bi Misbahu Haɗeja, na sauke gem ɗin, na sa lambobin, ya buɗe. Mardiyya, waƙar Baba ce ta fara tarbata. Ina tsaye a bakin tasha, mutum da gemunsa, hawaye na zuba, masu babur suna kallona. Ban tsaya yin komai ba. Na ce a raina tunda ya buɗe, muddin ban kashe shi ba zai kai ni gida. Na rungume wayar muka shiga ruwa.

Muna wuce inda gonakin Auyo suke a da, waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Wani rubutu ya fito wai a haɗa da intanet. Na miƙe tsaye a cikin kwalekwale ina ɗaga wayar sama ko za ta kamo sabis, Misbahu yana min tsawa in zauna. Kwalekwalen ya karkata, wayar ta suɓuce cikin ruwan da ya taru a cikinsa.

Na binne ta a buhun shinkafar da muka tsira da shi, ta kwana biyu, ta kawo wuta amma ta tsaya a hoton farko. Na aika wa mai gyara, shi kuma ya yi abin da kowane mai gyara yake yi wa wayar da ta sanƙare, ya yi mata filashin. Ta dawo garau, fes, ba komai a cikinta. Da aka sake sa lambobinki sai ya ce an riga an yi amfani da su a wata waya. Wace wata waya? Ita ce dai, har tsagewar gilashinta tana nan.

Na san za ki ce me ya hana ni naɗar muryar da wayar Misbahu tun muna gari. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Hankalina bai kai can ba.

Kin kira ni ɓarawon zaune, na yi dariya. Amma bari in gaya miki su wa suke zuwa shagona. Makiyayi ne da zai kwashe wata a daji ba sabis. Mai jiran gona ne da ke korar tsuntsu daga safe har yamma. Matar aure ce da wayar gidan guda ce, ita da mijinta da ƙanin mijinta suke karɓa-karɓa. Ba su da katin banki, data kuwa sai ranar kasuwa. Ko sun so saye, ina ƙofar da za su bi? Kun yi wasa a kan masuntan kogin Haɗeja, kun kuma ƙera shi yadda ba zai buɗu a kan kogin Haɗeja ba.

Ba faɗa nake ba. Ki turo wani mabuɗin, ko wanda ba makulli. Na riga na gaya wa Inna cewa muryar tana hanya, kullum in na shigo idonta a kan hannuna yake.

Inuwa

*

Tudun firamare
Litinin

Mardiyya,

Ina gaisuwa. Ko lafiya? Misbahu ya je gari ya dawo, ya sake komawa ya dawo, ba amsa. Ya ce alamar ta nuna kin buɗe hoton takardata.

In maganata ce ta yi zafi, ki yafe min. Inna ta daina karɓar kunu, sai ruwa a cokali. Jiya ta ce da Adila, ko Malam, wato Baba, fushi yake da ita ne ya ƙi zuwa. Adila ta fita waje ta yi kukanta.

Ko kalma ɗaya ce ki rubuto.

Inuwa

*

Legas
Alhamis

Yaya Inuwa,

Na samu takardunka duka biyu. Allah Ya sassauta wa Inna. Ka tambayi lafiyata, to ba ni da ita, rabona da barcin kirki tun makon jiya.

Gem ɗinmu ya fita. An fasa makullin, ana tura shi a kasuwar waya ta Kano, wata guda kafin mu kai shi kasuwa da kanmu. Manaja ya soke duk mabuɗan gwaji. Yanzu a bakin ƙofa muke ajiye wayoyinmu kafin mu shiga ofis, kamar masu shiga jarrabawa. Da aka bincika, mabuɗi ɗaya ne kawai aka buɗe a Arewa, nawa, a Haɗeja. Aka kira ni gaban kowa aka tambaye ni wa na ba. Na ce ɗan kawuna. Aka ce me yake yi. Yaya, me zan ce?

Na koma na karanta takardarka ta farko har na haddace ta. Kai ka rubuta da hannunka cewa kafin Juma'a sai ka cika wayoyin Haɗeja da Malam Madori. Na ɗauka wasan da muka saba ne. Sai ga labarin waya ta faɗa ruwa, ga mai gyara, ga filashin, ga roƙon wanda ba makulli. Ni ma ina da hankali.

Ba na cewa ciwon Inna ƙarya ne, Allah Ya tsare ni. Amma ina tsoron ka ga dama biyu ka haɗa su. Kai a wajenka turawa ba komai ba ce, abu ne da ba ya raguwa in an ɗiba. A wajenmu shekara biyu ce ta zama gaban kwamfuta har ido ya yi ja. Kuma akwai kason da aka rubuta wa iyalan Kawu daga cinikin, wato Inna. Duk kwafin da aka tura a kasuwa, daga bakinta aka cire.

Ka gaya min gaskiya ko da za ta kashe ni. Kai ne?

Mardiyya

*

Tudun firamare
Lahadi

Mardiyya,

Sallama. Inna tana numfashi, iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Tun kina rarrafe nake tsokanarki. Na ce miki mai kan kwakwa, na ce za mu sayar da ke a kasuwar Kafin Hausa mu sayi akuya, a gaban iyayenmu, suna dariya. Ba ki taɓa zuwa kin duba ko an yi cinikin ba. Yau don na rubuta a takarda, babu fuskata a kusa, sai ya zama shaida. Ba ni ba ne. Wallahi ba ni ba ne. Lokacin da kike cewa ya fita, wayata tana cikin buhun shinkafa.

Amma tunda gaskiya kike so, ga ta. Daga takardarki na ji cewa akwai fasasshe a Kano, kuma ban yi baƙin ciki ba, murna na yi. Na aika wa wani abokin sana'a, ya sa a memori ya ba direba, Misbahu ya kawo min shekaranjiya da hantsi. Ban ma tsaya gwadawa ba. Na share hannun Inna, na gyara mata matashi, na ce Inna ga Malam ya iso. Adila ta kira matan ajin kusa, suka cika ƙofa.

Ya buɗe, ba ya neman intanet, ba ya neman komai. Ga kogi, ga kacalla, ga wani tsoho da hular kaba irin ta Baba, har yadda yake karkata kafaɗa in zai tura gora kun kwaikwaya. Bakinsa yana motsi. Ba sauti.

Na ƙara murya har ƙarshe, na canja waya, na busa lasifika. Sai na gane. Masu fasawa sun cire muryoyin don ya yi ƙarami, ya yi saurin turuwa, ya shiga ƙananan wayoyi. Haka suke yi, na sani sarai, irinsa ma muka fi so a shago. Ban taɓa tambayar muryar wa ake yankewa ba.

Duk da haka na tuƙa shi har gaɓa, ko za a dace. Tsohon ya sauka, ya kafa gora, ya sa hannu a gefen baki ya yi kiran. Inna tana kallon bakinsa. Ta jira. Sannan ta ce, “Inuwa, kunnena ne ya tafi?” Na ce a'a Inna. Ta juya fuskarta bango, tun daga lokacin ba ta ƙara magana ba.

Naku yana da murya ba ya buɗuwa, na ɓarayi yana buɗuwa ba murya. Ni ban san wa zan tsine wa ba.

Zancen kason Inna, Allah Ya saka wa kamfaninku. Amma ba na jin za ta kai wata mai kamawa. Ba ni da sauran dabara, Mardiyya. Na durƙusa miki, ni da na girme ki. In akwai abin da za ki iya, ki yi shi yau. In babu, ki faɗa min in daina yi mata alkawari.

Inuwa

*

Legas
Talata

Yayana,

Ka yafe min. Na karanta takardarka na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoro ne ya rufe min ido, har na manta da wa nake magana.

Na je wajen manaja na karanta masa ita, ina fassarawa. Ba mugu ba ne, idonsa ya kawo ruwa. Amma ya ce fasasshen da ke yawo kurma ne, muryar ita kaɗai ta rage mana da za ta sa mutum ya saya. In cikakke ya fita ba makulli, mu rufe ofis kawai, ya nuna min mutanen da ke zaune ya ce in zaɓi wanda zan fara gaya wa. Ya ce a jira ranar fitarwa, shi da kansa zai aika wa Inna waya sabuwa. Na ce a ina za ta samu sabis?

Ban ce ya yi ƙarya ba. Har yanzu ina ganin wanda ya yi aiki ya kamata ya ci guminsa. Amma ni na zaunar da Kawu a gindin tsamiya, ni na ce ya maimaita kiran nan har ya gaji yana min dariya. Ban karɓo muryarsa don in kulle ta daga matarsa ba.

Ni na ƙera makullin, na san inda yake kwancewa. Na kwance shi, na sa cikakken gem ɗin a memori. Yana cikin ambulan, na naɗe shi a ƙyalle, na ba Nu'uman direban motar da ta kawo barkono daga Haɗeja, gobe zai juyo. Misbahu ya tare shi a tasha. Kowane kwafi yana ɗauke da alamar kwamfutar da ya fito, don haka in ya bazu, sunana ne a jiki. Ban jira a gano ba, na rubuta wa manaja abin da na yi na ajiye a teburinsa. An ce in zauna a gida sai an neme ni.

Ba zan sa ka rantse ba. Ka kai mata kawai. Allah Ya sa a tarar.

Ƙanwarka mai kan kwakwa,
Mardiyya

*

Tudun firamare
Asabar

Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Motar Nu'uman ta lalace a hanya, sai jiya Juma'a da la'asar memorin ya iso hannuna. Inna ta kwana biyu ba ta buɗe ido ba. Liman ya riga ya zo ya yi mata addu'a ya tafi.

Wannan karon ban yi mata alkawari ba. Na zauna a gefen tabarma na kunna. Waƙar ta tashi, mutane suka fara taruwa a taga. Tsofaffin da suka yi kamun kifi tare da Baba suka cire huluna suka riƙe. Inna ba ta motsa ba.

Sai tuƙi. Na kife kwalekwalen a cikin kacalla, na sake, na sake kifewa. Ni da na tura wa rabin Haɗeja gem. Adila ta karɓe wayar, ta bi a hankali, ta kai shi gaɓa.

Kafin in gaya miki sauran, ga abin da ya shafe ki. Bayan an gama, mutane sun miƙo min wayoyinsu, na ƙi. Ban tura wa kowa ba, memorin yana cikin wannan ambulan zai dawo miki ta hannun Nu'uman, ki nuna wa manajanku. Amma ba zan ɓoye miki ba, lokacin da waƙar take tashi na ɗaga kai na ga wayoyi a taga suna naɗa. Ban hana su ba. Mutanen da ya ciyar da kifi shekara da shekaru ne, ban san da wane baki zan hana su ba. In hakan ya ƙara miki laifi, ki ce ni ne. In sun kore ki, ki taho gida, ruwa ya fara ja, za mu sake shuka.

Tsohon ya sauka ya kafa gora. Adila ta kai wayar kusa da kunnen Inna. Muryar Baba ta cika ajin, da ƙarfinta, har da ɗan tarin nan da yake yi a ƙarshe: “Mutanen gida, a ɗora tukunya, ruwa ya sallame ni!”

Kin san a gem ɗinku bayan kiran akwai ɗan shiru kafin a wuce zango na gaba. Ban sani ba ko da gangan kuka bar shi. Ke ba ki taɓa jin abin da ke biyo bayan kiran ba, don ranar da kika naɗa a gindin tsamiya kuke, ba a ƙofar gida ba. Ni kuwa da jin sa na girma.

Inna ta buɗe ido. Ta yunƙura da hannun da yake aiki kamar za ta tashi, muka riƙe ta. Ta ce, a fili, kowa ya ji, “Tun ɗazu take kan wuta, Malam. Shigo.”

Ta cika kafin magariba. Mun kai ta yau da safe a kwalekwalen Misbahu, muka binne ta kusa da Baba.

Yayanki,
Inuwa